Bayan Isha'i, Ƙwaya Guda

Bayan isha'i nake haɗiye ta
da ragowar shayin Tanimu.
Ba ta fi ƙwayar dawa ba.
Katinta na kwance a gwangwanin allura da zare,
'yar kibiya na nuna mini gobe.
Haihuwa huɗu a shekara shida,
ta ƙarshe ta bar mini ɗinki a mara
da kalma biyu daga bakin likita: ki huta.
Na huta. Bayana ya ga rana.

A wata na uku baƙo ya sauka, ba sallama.
Ƙaiƙayi.
Ba irin na cizon sauro ba,
da ake sosawa ko a gaban surukai.
Wannan ya zaɓi inda hannu ba ya zuwa cikin mutane.
Ina tsaye a Farin Gada, ina kasa karas da koren wake,
mai saye na neman ragi,
ni ina matse cinya kamar mai riƙon fitsari,
murmushina haƙora ne kawai.
Sanyin Jos na cin kunnena,
ƙasa kuwa an daka attaruhu.

Da dare na haska fitilar waya a kamfai:
fari, guda-guda,
kamar madarar da tsami ya tsinka. Ba wari.

Dije ta ce sanyi ne, banɗakin kasuwa ne,
dafa bagaruwa ki zauna ciki.
Na zauna.
Yaron kemis a titin Bauchi
ya ƙirgo kafso goma, ja da rawaya,
bai ko ɗaga ido daga wayarsa ba.
Na sha. Wuta ta samu kananzir.
Na bi da sabulu mai ƙamshi, safe, rana, dare,
har fata ta yi fushi da ni.

Daga nan zargi ya shimfiɗa tabarmarsa.
Tanimu na jan dankali daga Bokkos zuwa kudu,
kwana huɗu a hanya, wani zubin biyar.
Na shinshina wuyan rigarsa:
man mota ne, da jar ƙasa.
Duk da haka na ba shi ƙeya dare tara.
Bai san laifinsa ba.
Ni ma ban sani ba.

Talata, bencin asibiti, lamba ta sha bakwai.
Sista Chundung, tabarau a ƙarshen hanci,
ta duba, ta tuɓe safar hannu, ta ja kujera kusa.
"Ba mijinki ba ne. Ba ƙazanta ba ce.
Abin nan ɗan gida ne, kun daɗe tare,
kamar yis a ƙullun fanke:
yana nan shiru, sai ya ji ɗumi da laima ya tashi.
Ƙwayar kan karkata ma'auni ga wasu mata.
Kafson nan kuwa,
masu tsawata masa ya kora."

Na ji kunya ta sauka daga kaina kamar gammo.

Ta rubuta na matsi, dare shida.
"Kamfan auduga. Ruwa zalla. Sabulu ya tsaya waje.
Kada ki yar da katin da kanki.
In ya dawo, ke ma ki dawo,
hanyar hutu ba ɗaya ba ce."

A Taminus na sayi uku, farare,
na yi ciniki da murya sama kamar na tumatir.
Na wanke, na shanya a igiyar tsakar gida,
ba a bayan ƙofa ƙarƙashin zane ba.
Dije ta kalla, ta kalle ni, ta shige.

Motar Tanimu ta iso ana kiran magariba.
Na zuba masa gwate har ya tumbatsa.
Ya ce, "Wai me na yi ne?"
Na ce, ci kafin ya huce.

Bayan isha'i na buɗe gwangwani.
Kibiya na kan Laraba.
Ya miƙo mini kofinsa, da saura a ciki.